Zan iya kai mahaifiyata Positano a watan Agusta? Ga amsata

Wani ɗan'uwa daga Kano ya turo min tambaya, ya ce shi da maiɗakinsa da mahaifiyarsa suna son zuwa Italiya hutun kwana biyar a watan Agusta. Matarsa ce ta ga hotunan Positano a Instagram, gidaje kala-kala an jera su a jikin dutse har bakin teku, ta ce ita nan take so su sauka. Hajiya kuma ta haura shekara sittin, tana fama da ciwon gwiwa. Yana so ya san yadda garin yake, ta ina ake bi, da kuma batun abinci da salla.

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka maka da alheri da ka tuna da Hajiya a tafiyar nan. Ni a Salerno nake zaune shekara da shekaru, aikina kenan raka baƙi a wannan gaɓar teku da ake kira gaɓar Amalfi, don haka zan faɗa maka gaskiya tsakani da Allah: ku je Positano ku gani, garin ya kai a gani, amma kada ku kwana a cikinsa tare da Hajiya, kuma in da hali ku janye tafiyar daga Agusta.

Abin da hoto ba ya nunawa shi ne garin nan matattakala ne gaba ɗayansa. An gina shi ne a wani kwari mai gangara sosai tsakanin duwatsu, gida a kan gida, rufin wani shi ne tsakar gidan wani. Titin mota guda ɗaya ne ya ratsa cikin garin, ana ce masa Viale Pasitea, hanya ɗaya ake bi ba a dawowa, yana ta lanƙwasa har ya kai wani ɗan fili da ake kira Piazza dei Mulini, daga nan kuma mota ta gama aikinta, sai ƙafa. Sauran lungunan duk matattakala ce ta dutse, wani siriri ne da mutum biyu ba sa iya jerawa. To ka ga idan masauki ya rubuta maka a intanet cewa minti biyar ne zuwa bakin ruwa, ba ƙarya ya yi ba, minti biyar ne a gangare ga matashi, amma dawowa fa? Akwai gidajen da sai ka taka matattakala ɗari uku ko fiye kafin ka kai ƙofa, da rana tsaka, da jaka a hannu.

Na taɓa raka wata baiwar Allah 'yar Maraɗi da 'ya'yanta biyu, su suka kama masaukinsu da kansu tun kafin su zo, ba su tambayi kowa ba. Hoton ɗakin ya yi kyau matuƙa, taga tana kallon teku. Mun sauka a mota a saman gari, mai gidan ya nuna mana wani lungu ya ce nan ne, ƙasa kaɗan. Muna cikin sauka tayar akwatinta ta fita, ɗanta ya ɗora a ka, ita kuma ba mu kai rabi ba ta dafa bango ta zauna a kan matattakalar tana haki, zufa ta jiƙa mata mayafi sharkaf, ta cire takalmi ta riƙe a hannu. Wata tsohuwa 'yar garin da ke shanya a baranda ta hango mu, ta sauko da kujerar roba da gorar ruwa mai sanyi, ba sa jin yaren juna amma ta zauna kusa da ita tana yi mata fifita da kwali. Kwana uku suka yi a gidan nan, sau ɗaya tak matar ta sauka bakin teku, don ta san in ta sauka sai ta hau. Wallahi har yanzu abin yana damuna, kuɗi masu yawa suka kashe, ita kuma da aka yi tafiyar dominta a ɗaki ta ƙare. Shi ya sa ba na so haka ta faru da Hajiyarku.

Abin da nake ba ka shawara, ku kama masauki a inda ƙasa take a shimfiɗe, ku riƙa zuwa Positano ta jirgin ruwa da safe ku dawo da yamma. Maiori ita ce ta fi dacewa da dattijai, tana da bakin ruwa mafi tsawo a duk gaɓar, kusan kilomita guda, da titi miƙaƙƙe a gefen teku da kujerun zama, Hajiya za ta iya takawa a hankali bayan la'asar ba tare da ta hau komai ba. Garin Amalfi shi ma tsakiyarsa ba laifi, daga tashar jirgin ruwa zuwa babban filin gari tafiya ce ta 'yan mintoci a shimfiɗe, sai dai ya fi tsada da cinkoso. Salerno kuwa birni ne sosai, ya fi arha, akwai tashar jirgin ƙasa, akwai asibiti babba, akwai shagunan nama halal, kuma jiragen ruwa daga nan suke tashi. In ni ne, da uwata, Salerno ko Maiori zan zaɓa. In kuma uwargida ta dage sai an kwana Positano ko da dare ɗaya ne, to kafin ka biya ko sisi ka rubuta wa masaukin ka tambaye su ƙarara: matattakala nawa ne daga inda mota take tsayawa zuwa ƙofar ɗaki, kuma akwai lifta? Da Italiyanci "quanti gradini" ake cewa. Kada ka yarda da amsar "kaɗan ne", ka ce su ba ka adadi. Akwai 'yan dako a garin da sana'arsu kenan ɗaukar kaya, ana biyansu a kan kowace jaka, suna da amfani sosai, amma su kaya suke ɗauka, gwiwar Hajiya ita za ta ɗauki kanta.

Batun hanya. Daga Kano babu jirgi kai tsaye, sai kun yada zango a wani wuri kamar Alkahira ko Addis Ababa, ku sauka Roma. Daga filin jirgin Fiumicino akwai jirgin ƙasa da ke kai mutum tashar Termini cikin minti 32, daga can ku hau jirgin ƙasa mai gudu, Frecciarossa ko Italo, awa ɗaya da 'yan mintoci kuna Napoli, in kun zarce Salerno kuma wajen awa biyu ne gaba ɗaya. Ku sayi tikiti tun da wuri don kullum farashin hawa yake in ranar ta matso. Da kun fito tashar Salerno ku miƙe wajen teku, 'yar tafiya kaɗan za ku ga inda jiragen ruwa suke tsayawa a Piazza della Concordia. Zuwa Amalfi wajen minti 35 ne, zuwa Positano awa ɗaya da ɗan wani abu. Kuma ta ruwa ne ake ganin ainihin hoton da matarka ta gani, jirgi yana zagayo dutse sai ga garin ya bayyana gaba ɗaya daga sama har ƙasa, da ƙubbar cocin Santa Maria Assunta mai tayil ruwan ɗorawa da kore tana ƙyalli a tsakiya. Jirgin a bakin babban rairayin garin yake ajiye ku, wato a ƙasa, inda gidajen abinci da shaguna suke, Hajiya za ta samu wurin zama a inuwa ba tare da ta hau dutse ba. Abu ɗaya dai, matsayar jirgin Positano a buɗe take ga igiyar ruwa, ranar da teku ta tashi jirgi ba ya iya tsayawa, sai a soke, don haka kada ka bar Positano sai ranar ƙarshe. Kuma jiragen nan daga wajen Afrilu zuwa Oktoba suke aiki.

Akwai ɗaya hanyar da yawancin matasa suke bi, jirgin ƙasa na gida mai suna Circumvesuviana daga Napoli zuwa Sorrento, ya fi awa guda yana tsayawa tasha-tasha, ta Pompeii ma yake wucewa, sannan a hau bas ɗin SITA zuwa Positano. Arha ce, amma a bazara cike yake maƙil, mutum zai iya yin tafiyar duka a tsaye, kuma a kula da aljihu. Bas ɗin a saman gari yake sauke mutane, ko a Chiesa Nuova ko a Sponda, Sponda ta fi kusa da ƙasa. Tikitin bas ba a hannun direba ake saya ba, a shagunan da ke da alamar babban harafin T ake samu ko wasu wuraren shan kofi, kuma in ka shiga dole ka saka shi a na'ura ta buga masa hatimi, in ba haka ba tara ce ko da ka saya.

Kada ka yi hayar mota ka ce za ka tuƙa da kanka, don Allah. Titin gaɓar, SS163, wajen kilomita 50 ne, tun ƙarni na 19 aka sassaƙe shi a jikin dutse, kwana ce bayan kwana, gefe ɗaya bango gefe ɗaya rami har teku, wani wurin in bas biyu suka haɗu sai ɗaya ya ja da baya. Wurin ajiye mota kuma tsada kamar me. Tun 2022 ma hukuma take sa dokar lambar mota a lokacin cinkoso, wato ba kullum kowace mota ke da izinin bin titin ba, ranar mara ga wasu, ranar cika ga wasu. Wanda mota take sa shi jiri ko amai ya sha magani kafin ya hau, ko ya tsotsi lemun tsami, yana taimakawa.

Yanzu Agusta. Wannan watan ne Italiyawa da kansu suke tafiya hutu, ranar 15 ga wata ita ce Ferragosto, babban hutun ƙasa, kuma ita ce ranar bikin cocin Positano ɗin, ana wasan wuta a kan teku. Garin da mazaunansa ba su kai dubu huɗu ba sai ka ga ya cika ya batse, layin jirgi, layin bas, layin abinci, kuma komai farashinsa ya kai ƙololuwa. Kada ka ce ai mu mutanen Kano mun saba da zafi, zafin nan daban ne, ma'auni yana haura 30 amma da gumi mai nauyi irin na Legas, ga duwatsu sun ɗauki rana suna maido ta. Watan Mayu, farkon Yuni, ko ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba su ne lokacin da nake so wa mutum, iska mai daɗi, ruwa bai yi sanyi ba a Satumba, kuma za ka samu wurin zama. Daga Nuwamba zuwa Maris yawancin otal-otal da gidajen abinci a rufe suke. In hutun aiki ya tilasta maka Agusta, to ku fita da jirgin farko na safe, ku huta daga azahar zuwa la'asar kamar yadda 'yan gari suke yi.

Abinci shi ne inda nake so ka buɗe ido sosai. Sa'ar da aka yi yankin na masunta ne, kifi da kayan teku sun wadata, ga tumatir da cukwin mozzarella da taliya iri-iri, akwai wata taliya mai kauri ta yankin da ake kira scialatielli da ake haɗawa da kayan teku, ga gasasshen kifi, ga fiza margherita wadda ba nama a cikinta. Amma alade yana ɓuya a sunaye da yawa: prosciutto, pancetta, guanciale, salame, salsiccia, speck, duk shi ne. Wanda ya fi yaudarar mutanenmu shi ne strutto, kitsen alade ne da ake sakawa a kayan fulawa, sfogliatella ta gargajiya da wasu burodi da taralli na Napoli da shi ake yi, ka ga abu kamar cincin ko fanke ba ka kawo komai a ranka ba. Sai giya. Limoncello da za ka gani a kowane shago cikin kwalabe masu kyau ruwan ɗorawa, giya ce mai ƙarfi, kuma sau da yawa bayan an gama cin abinci mai gidan zai kawo muku a ƙananan kofuna kyauta don karramawa, ka ce "no grazie" da murmushi, ba ya jin haushi. Kek ɗin babà a barasa ake jiƙa shi, delizia al limone ma yawanci da limoncello a ciki, kuma masu girki da yawa suna zuba farar giya a miyar kayan teku. Ka haddace wannan: "senza maiale, senza vino, senza alcol", wato ban da alade, ban da giya. Ka rubuta a waya ka nuna wa mai kawo abinci, suna ganewa kuma suna mutuntawa. Nama kuwa ku haƙura da shi a gaɓar sai in kun samu shagon halal a Salerno ko a Napoli kewayen tashar Garibaldi. Abin da Hajiya za ta ji daɗinsa na tabbata shi ne granita ta lemun tsami, ƙanƙara ce da ruwan lemo da sukari kawai. Lemun yankin, sfusato, dogo ne babba mai ƙamshi, a gonaki hawa-hawa a jikin dutse ake noma shi, har yau a baya ake sauko da kwandunansa ta matattakala. A takardar kuɗin abinci za ka ga an ƙara wani abu wai coperto, kuɗin zama ne a kan kowane mutum, haka al'adar take ba cuta ba ce. Otal ma zai karɓi harajin kwana na gari daban.

Salla, babu masallaci a Positano, sai Salerno ko Napoli, in Juma'a ta kama ku to ka shirya zuwa can. Ku matafiya ne, kuna da sauƙin ƙasaru, ku tafi da 'yar darduma mai naɗewa. Alƙibla daga nan kudu maso gabas take, ba gabas ba kamar yadda aka saba a gida, in kana fuskantar teku a Positano sai ka karkata hagu. A tsakiyar bazara rana ba ta faɗuwa sai bayan takwas na dare, asuba kuma tana yi da wuri sosai, ka saka manhajar lokutan salla a waya. Abin da zai faranta maka rai, kusan kowane banɗakin gida ko otal a Italiya yana da bidet, wurin tsarki da ruwa, amma na waje ba su da shi, gorar ruwa a jaka ta wadatar. Hijabi ba matsala ba ne, sun saba da baƙi daga ko'ina. Sai dai ka sani bakin ruwan Turai ne, mutane suna kwance da kayan wanka, gara ka gaya wa Hajiya tun a gida kada abin ya zo mata ba zato. Rairayin ma ba yashi mai laushi ba ne, tsakuwa ce baƙa-baƙa mai zafi da rana, kuma yawancinsa an jera gadaje da lema na haya, ɗan gefe ne kawai na kyauta.

Ku ware wuni guda don garin Amalfi kansa, ni a wurina ya fi Positano abin gani ga mai son tarihi. Wannan ɗan garin da za ka zagaye cikin awa ɗaya ya taɓa zama ƙasa mai cin gashin kanta tun shekarar 839, jiragensa suna fatauci da Masar da Tunisiya da Sham. Masanin ƙasa Ibn Hauƙal a ƙarni na 10 ya ambace shi ya yaba arzikinsa. Kuɗin zinariyar da suka buga, tarì, kwaikwayon rubu'in dinarin Musulmi ne har da rubutu irin na Kufi a jiki, kuma ka san zinariyar da ke yawo a kasuwannin Arewacin Afirka a zamanin, da yawanta ta Sahara ta ratso daga Afirka ta Yamma. Sana'ar yin takarda ma ta hannun Larabawa ta iso musu, har yanzu akwai gidan tarihin takarda a wani tsohon injin ruwa a ƙarshen gari inda za a nuna muku yadda ake yinta da tsumma. A jikin babban cocin akwai wata farfajiya da aka gina wajen 1266, ginshiƙai farare sirara da bakuna masu shiga juna, duk wanda ya taɓa ganin ginin Maroko zai gane jininsu ɗaya. Matattakala 62 ne zuwa ƙofar cocin, Hajiya ta zauna a filin ƙasa kusa da famfon ruwa ta jira ku. Ba zumunci kaɗai aka yi da Musulmi ba, hasumiyoyin da za ka gani a kan duwatsu a bakin teku, har da uku a Positano, na tsaro ne saboda maharan ruwa daga Arewacin Afirka da na Turkawa. Ƙarfin Amalfi ya karye bayan mutanen Pisa sun kai mata hari a 1135 da 1137, sannan a 1343 teku ta yi ambaliya ta cinye tashar jiragenta. UNESCO ta saka gaɓar duka cikin wuraren tarihi na duniya a 1997.

A Positano ma akwai abin da mutane suke wucewa ba su sani ba, a ƙarƙashin cocin akwai ragowar gidan wani attajirin Rumawa da tokar dutsen Vesuvius mai aman wuta ta binne a shekara ta 79, an buɗe shi ga jama'a a 2018, zanen bangon har yau launinsa ja da shuɗi bai dushe ba. Kai da uwargida in kuna da ƙarfi akwai hanyar ƙafa ta saman duwatsu, Sentiero degli Dei, daga Bomerano zuwa ƙauyen Nocelle, wajen awa uku, amma daga Nocelle ku hau ƙaramar bas ku sauko, don matattakalar ta haura 1,500. Wannan ba da Hajiya ba sam.

Biza kuma ta Schengen ce, wato ta rukunin ƙasashen Turai da Italiya take ciki, kuɗinta Yuro 90 ga babba tun Yunin 2024, ban da ladan cibiyar karɓar takardu, ana buƙatar inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, da shaidar masauki da tikitin dawowa da bayanan banki, fasfo kuma ya zama yana da sauran aƙalla wata uku bayan ranar da za ku bar ƙasashen Schengen. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, ka fara da wuri don samun ranar ganawa shi ne wahalar, kuma ka kama masaukin da za a iya sokewa ba asara har biza ta fito. Magungunan Hajiya su zauna a jakar hannu cikin kwalinsu tare da takardar likita, ka sayo mata takalmi mai taushi wanda ƙasansa ba ya santsi ta fara sawa tun a gida ya saba da ƙafarta, da sandar dogarawa mai naɗewa ko da ta ce ba ta so. Soket ɗinsu ba irin namu mai baki uku ba ne, ka taho da adafta. Lambar gaggawa 112 ce. In ka tsayar da ranakun ka sake turo min, sai in duba maka jadawalin jiragen ruwa na watan, ka gaida Hajiya.